Kunnen Hagu na Hukuma Ne

Liman ya raɗa wa jaririyar suna a kunnen dama: Suwaiba. Sai ya miƙa ta ga jami'in Hukumar Sana'a, don tun da aka haɗe makarantu da masana'antu a jihar nan, kunnen hagu na hukuma ne. Sana'ar da jami'i ya raɗa, ita kaɗai makaranta za ta koya wa yaro, ita kaɗai doka ta yarda ya yi.

Jami'in ya sunkuya ya raɗa, sannan ya ɗago ya shaida wa mutanen zaure: "Masaƙa."

Tanimu, uban jaririyar, ya ce, "Ranka ya daɗe, wace masaƙar?"

"Ta jiha mana."

"Ni ma ita aka raɗa mini. Ƙulla zare na koya tun ina ɗan firamare har na gama makaranta. Da na je ƙofar masaƙar, awaki na tarar suna kiwo a ciki. Yau ga 'yata, ragon sunanta ma surukina ne ya kawo."

"Haba Malam Tanimu, ranar farin ciki ce. Za a farfaɗo da ita. Kafin yarinya ta girma ai aiki ya kankama."

"Haka aka gaya wa babana, a zauren nan."

Jami'in ya miƙa masa 'yarsa. Cikin gida mata suka rangaɗa guɗa. Suwaiba ta damƙe yatsan ubanta gam, jami'in ya leƙo yana murmushi.

"Ka gani? Hannun masaƙiya ne, sak irin naka."