Riga-kafi a Akwatin Kifi

Jama'a, ranar da murfin akwatin riga-kafi ya tsage, Leimara tana tsaye a bakin teku, rana na dukanta, ruwa kuma ya fara janyewa. Ita kaɗai ce nas a ɗan asibitin yankinsu a Vanuatu, ga iyaye mata can a tsibirin tsallake sun taru suna jiran ta tun safe.

Mai jirgin ruwan da ke kai ta Kawu Kaltang ne, wan mahaifiyarta, tsohon masunci. Ya dubi akwatin ya yi tsaki.

"Ke 'yar nan, wannan tarkacen ne zai riƙe miki sanyi? Miƙo nan." Ya buɗe akwatin kifinsa, cike da ƙanƙara. "Kifina ma a nan yake kwana ya tashi garau, balle 'yan kwalabenki."

Ya tura kwalaben can ƙasa, ya binne su yadda yake binne kifi.

Leimara ta san kuskure ne. An koya musu a makarantar nas cewa allurar tarin shiƙa sanyi take so, amma in ta daskare ta mutu, ko ta narke ba ta da sauran amfani. Sai dai a al'adar yankinsu maganar kawu ta fi ta uba nauyi, kuma ba a gyara masa zance a gaban mutanensa. Ta buɗe baki, ta kalli masuntan da ke cikin jirgin, ta rufe.

Da suka isa, kwalaben sun yi tauri kamar dutse. Ta murza su a tafin hannu har suka narke, ta girgiza ɗaya. Ruwan ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, nan da nan ya kwanta a ƙasa. Alamar ke nan cewa maganin ya mutu.

"Malama nas, mun zaci kifi ya haɗiye ki!" in ji wata tsohuwa, mata suka kwashe da dariya.

Toumelu, ƙanwar Leimara da ke aure a tsibirin, ta kutso da jaririnta Obed. "Yaya, da ɗanki za ki fara. Kin ga yadda yake cika? Sai ka ce da gwaza nake ɗura masa."

To, me za ta ce musu? Su koma gida, wasu daga bayan tsauni suka taho da goyo? Ta ce kawunta ne ya ɓata magani? Kunya ta rufe ta. Ta ce a ranta ƙila dai bai lalace duka ba. Ta zuƙa, ta yi wa Obed, ta yi wa sauran.

Abin takaici, ba a tsaya nan ba. Sabon akwati bai zo da wuri ba, ita ma ba ta matsa ba. Kowace tafiya Kawu ya miƙo hannu, ita kuma ta miƙa. Tun tana jin nauyin abin a ƙirji har ta daina girgiza kwalbar, don kada ta gani. Haka Obed ya kammala allurarsa, duk daga akwatin kifi.

Bayan 'yan watanni tarin shiƙa ya shigo tsibirin tare da masu dawowa daga birni. Obed ya fara tari. Maƙwabciya ta ce a kai shi asibiti, Toumelu ta yi dariya.

"Haba! Yaron da yayata ta yi wa allura da hannunta? Mura ce kawai."

Ta dafa masa ganye, ta jira. Ai mai riga-kafi ba ya tsoro. Sai da yaro ya fara shiɗewa, leɓɓansa suka canja launi, sannan aka ruga wurin jirgi. A tsakiyar teku numfashinsa ya tsaya. Kawu Kaltang ya juya kan jirgin, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kafin wata ya ƙare an binne wasu jariran a bayan coci, duk waɗanda Leimara ta yi wa allura.

Ta je zaman makoki tana jiran a tuhume ta. Wallahi da zagi aka yi mata da ya fi mata sauƙi. Amma babu wanda ya ɗaga mata murya. Kawu ma cewa ya yi, "Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, 'yar nan. Ko sau ɗaya ban bari zafi ya taɓa maganin ba."

Toumelu ta ja ta gefe, ta riƙe hannunta, ta ɗora a kan cikinta.

"Yaya, kada ki zargi kanki, ke kin yi naki. Maganin ne na banza, duk matan nan mun gane. Wannan da ke cikina, in ya zo, don Allah kada ki kawo masa allurarki. Kowacce ma ta ce ba za ta ƙara kawo nata ba."

Leimara ta dubi ƙanwarta, ta janye hannunta a hankali.

Ya ku ma'aikatan lafiya, allurar da ta daskare ta mutu, kuma ta fi rashin allura haɗari, domin tana sa uwa ta saki jiki. In kun yi shakkar kwalba, ku ajiye ta, ku faɗi gaskiya, ko a gaban wa kuke. Kunyar yini ɗaya ba ta kai ran jariri ba.