Ɓarawon Mangwaron Hajiya Barakatu

"Ƙara jawo shi!" in ji Hajiya Barakatu, hancinta kamar zai taɓa wayar.

Seun, mai ɗaukar hoto da ɗan jirgi maras matuƙi, wanda mijinta Malam Bappa ya ɗauko daga Sabon Gari, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Mutumin da ke kan bishiyar mangwaronta ya dagule kamar kunun da ya zube.

"Hajiya, wannan jirgin faɗaɗa hoto kawai yake yi, kina ja yana fashewa. Mai gilashin da ke jawo fuska yana shago. Oga Bappa ne ya ce wannan ya isa."

"Ɗaliban nan ne, 'yan hayarki," in ji Bappa. "Ki bar su da Allah."

Ina! Duk Samaru an san Hajiya da mangwaronta. Ta ba 'yan hayarta kwana uku, su fito da ɓarawo ko su kwashe kayansu. Sai Naila, ɗaya daga cikinsu, 'yar ajin ƙarshe, ta roƙe ta a sake gwadawa da ɗaya jirgin, kada kowa ya ji.

Washegari bayan azahar jirgi ya tashi daga bayan layi. Gilashi ya jawo, hoto ya fito tar.

Bappa ne, wanda likita ya hana shan zaƙi. Ya ɗare reshe, gemu sharkaf da ruwan mangwaro. Ya hango jirgin, ya ɗauka na jiya ne.

Har gwalo ya yi masa.