Jarrabawa a Ƙofar Kasuwa

Na'urar bincike ta yi ƙara a kan jakar Dzarma, ta sake yi, sai saurayin mai gadi da ke riƙe da na'urar ya yi tsalle baya.

A Maiduguri ba a koya wa kowa abin yi in wannan ƙarar ta tashi a ƙofar kasuwa, jiki ya riga ya haddace. Wasu suka ranta a na kare, masu gadi suka matso da gorarsu. Kafin Dzarma ya buɗe baki an yi masa zobe, an sa shi durƙuso hannu a sama, an zazzage jakar da bakin sanda.

Abubuwa biyu suka faɗo, ƙwallaye baƙaƙe da aka soke da wayar tagulla, aka naɗe da salatif. A ɗakinsa na unguwar Jiddari Polo sun yi masa kyau har hoto ya ɗauke su. A nan ƙasa kuwa, shi kansa da ya kalle su sai ya ga kamar bam ne.

Ya ce shi ɗalibin jami'a ne, ƙwallon goruba ne ya shafa wa fenti, gobe zai yi bayani da su a gaban aji. Inuwa, shugaban masu gadin, ya nemi katin makaranta. Katin kuwa tun ambaliya ruwa ya tafi da shi. Aka tambayi me yake karantawa, ya ce kimiyyar haɗa sinadarai. Da ya sani da tarihi ya ce. Wani daga baya ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo, Dzarma ya gane ba ofishin 'yan sanda za a kai shi ba, a nan za a gama da shi. Tsoro ya kama shi har ya kasa tuna addu'ar da uwarsa ta koya masa.

Sai ga wani dattijo yana kutsawa da kafaɗa. Farar riga, hula zanna, tabarau, biro a aljihu, jikinsa na ɗan ƙanshin hayaƙi.

"Ku dakata," in ji shi. "In ɗalibi ne yanzu za a sani. Ni zan tambaye shi."

Muryarsa irin ta waɗanda suka saba a tashi in sun shigo ce, don haka Inuwa ya kauce. Dattijon ya ɗauki abubuwan biyu da hannunsa, jama'a na salati, ya jujjuya su, ya kafa wa Dzarma ido ta saman tabarau. Ya ce ya faɗi sunansu.

Dzarma ya ce siffar wani sinadari ce da ake kira alkin. Ƙwallo biyun nan na tsakiya kabon ne, waya biyun da suka haɗa su su ne ɗauri biyu, kuma nan ne duk wani sinadari yake nema ya kama. Na farkon ƙananan ƙwallaye ne a gefensa, na biyun manyan rassa huɗu sun kewaye shi.

"Sai me?"

Dzarma ya ce in aka kawo haidurojin, mai rassan ne zai riga kamawa. Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. Nan take Dzarma ya ji abin da ya faɗa, ashe ya juya maganar baibai, kuma ya san irin wannan gyaɗa kan: malamai na yinsa in suna so ɗalibi ya ƙarasa faɗawa rami. Ya yi maza ya gyara. Maras rassan ne mai sauri. Ɗayan cunkoso ya yi masa yawa, kamar ƙofar da ƙarti huɗu suka zauna a bakinta, mai shigowa ba ya samun hanya, ɗaurin ma ba ya iya kwanciya a kan ƙarfen da ke taimaka wa haɗin. Shi ya sa yake jan ƙafa, wani lokaci sai an ƙara zafi da matsi.

Dattijon bai sassauta ba. Me ya sa? Ci gaba. Ka tabbata? Dzarma na ta zuba, gumi na ɗiga daga haɓarsa, idonsa na kan rabin bulon nan da har yanzu ba a ajiye ba.

Can dattijon ya miƙa wa Inuwa mai rassan, ya ce ya fasa ƙwallo ɗaya ya gani. Goruba ce.

"Daidai ya faɗa daga farko har ƙarshe. Ɗalibi ne, mai ƙoƙari ma. Ku ba shi jakarsa."

Bulon ya koma ƙasa. Zoben ya watse, kowa na cewa shi dama bai yarda ba.

Dattijon ya riƙe wa Dzarma hannu suka fita titi, ya tsayar masa da keke napep. Dzarma ya yi ta godiya. Ya ce, Baba, a wane sashe kake koyarwa, in zo in gaishe ka?

Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Bandar kifi nake sayarwa a Tashar Baga, ɗana, ban taɓa zama a aji ba, ko kalma ɗaya ban gane ba. Ƙanena aka taɓa tarewa haka da jaka, ranar ba a samu wanda zai tambaye shi komai ba."