Ƙuri'ar Masu Gida

Na lura wani tsoho a layi ya sa hularsa a baibai, amma kunya ta hana ni faɗa masa. Ni ce mai shafa wa masu zaɓe tawada a bakin rumfa.

"Tsoho, gidan kanka ko haya?" in ji wani ƙato mai gora daga cikin ƙartin da ke tsare layin.

"Yanzu dai ba ni da gida, yaro. Amma..."

Gorar ta sauka a bakinsa. Haƙorinsa ya faɗo gindin teburina, sauran ƙartin suka rufe shi da shuri.

Ɗan takarar da ya kawo dokar cewa mai gida kaɗai zai zaɓi shugaban unguwa ya leƙo ta tagar motarsa yana dariya. "Ku ƙara masa! 'Yan haya ba sa jin magana!"

Suka ɗago tsohon, fuskarsa duk jini. Dariyar ta ɗauke.

"Baba?" in ji ɗan takarar.

Wata mata a layi ta dafe ƙirji. "Ubanka ka sa aka daka! Shi da ya mallaka maka gidansa don ka samu tsayawa takara! Kai ya zo zaɓa!"

Tsohon ya tofar da jini, ya kakkaɓe rigarsa, ya ratsa layin ya wuce.