Haƙarƙarin Mai Walda

Ƙas! Haƙarƙarin saurayin ya karye a ƙarƙashin tafin hannunta, amma likitar ba ta daina danna ƙirjinsa ba. Wutar walda ce ta ja shi a kasuwar Abeshe aka kawo shi asibiti, har yanzu jikinsa da ɗumi.

Kawunsa ya ji ƙarar. Ya yaye labule ya damƙe mata hannu.

"Ke 'yar nan, ba ki da iyaye ne? Gawa kike karya wa ƙashi?"

"Baba, ba gawa ba ce! Zuciyarsa ce ta tsaya, irin wannan tana tashi. Sake ni, don Allah!"

"Tana tashi? To sannu, mai tayar da matattu."

'Yan'uwa suka cika ɗakin. Kawun ya warware rawaninsa ya ɗaure wa saurayin haɓa. Tana roƙo, tana jan rigunansu, suka naɗe shi a tabarma, don so suke a rufe shi kafin la'asar. Motarsu ta tashi.

Sai ga nas ya faɗo ɗakin yana haki, rungume da na'urar tayar da zuciya da ya aro daga ɗakin tiyata.

"Doktora, na samo! Ina yaron?"