Ƙaryar da Lamunu Ta Koya wa Mijinta

"Ka ce ba ka iya cin abinci," Lamunu ta raɗa wa mijinta a ƙofar kwamitin likitocin soja. "Ka dafe kai, kar ka kuskura ka yi murmushi."

Sau biyu ana hana mijin nata, Kofur Ocitti, kuɗin nakasa, don ya dawo daga yaƙin Somaliya ba ko ƙwarzane. Ita kanta malalaci take kiransa, shekara uku yana kwance tana noman rogo ita kaɗai. Da suka ɗaukaka ƙara, sai ta ƙirƙiro masa ciwon damuwa. Tun daga garinsu Gulu take masa bita, zuciyarta na tuhumarta.

Da likita ya tambaye shi, bai faɗi ko ɗaya daga abin da ta koya masa ba.

"Ranka ya daɗe, na gaji da rayuwa. Bara na yi yunƙurin rataye kaina, reshen ya karye."

Da suka fito ta yi dariyar yaƙe. "Baban Aber, ashe ka fi ni iya ƙarya!"

Ya dube ta a hankali. "Kin tuna igiyar akuyar nan da kika yini kina zagina na ɓatar?"