Tsaga a Bangon Jijiya

Ɗakin hoton zuciya kullum da sanyi yake, don na'urorin ba sa son zafi. Ran nan ma haka yake. Babu mai magana sai injin da ke bin bugun zuciya.

Mara lafiyar mace ce, ba ta daɗe da haihuwa ba. Ciwon ƙirji ne ya kama ta da hantsi. An zura mata siririn bututu ta wuyan hannu har zuciya, aka tura ruwan da ke sa jijiyoyi su fito a allo baƙi-baƙi, kamar saiwar bishiya.

Likitan da ke riƙe da bututun, wanda kowa ke ce wa Dogo, ya ga jijiya ɗaya ta tsuke. Ya ce a miƙo masa 'yar ragar da ake buɗe jijiya da ita. Abin da hannunsa ya saba ke nan: in hanya ta toshe, a buɗe ta.

"Dakata, Dogo," in ji Malama, babbar likitar da ta koya masa aikin. Idonta na kan allon, ko da yake a karkace take hango shi. "Maimaita hoton. A hankali."

Ya maimaita.

"Duk tsawon nan naka, ba ka hango ba? Wannan ba kitse ba ne ya toshe ta. Dubi yadda ta sirance daga nan har can, sumul. Bangon ne ya tsage, jini ya shiga tsakani ya matse hanyar. Kana cusa raga tsagar za ta yi gaba, ka yi asarar rai a kan gadon nan."

"Malama, in na bari kuma ta toshe gaba ɗaya fa?"

"Jini na wucewa?"

"Yana wucewa. Kaɗan."

"To, a bar ta. Sau da yawa da kanta take haɗewa. A kwantar, a sa ido."

Muryarta ko rawa ba ta yi. Yadda take karanta hoton kowa, haka ta karanta wannan. Ta laluba ranta ko za ta sami tsoro, ba ta sami komai ba. Dogo ne zufa ta jiƙa wa hula a cikin sanyin nan. Ya san duk wanda ya zaɓa, shi zai fita ya fuskanci mijin da ke zaune a waje da jaririya a kafaɗa.

Can dai ya mayar wa nas da ragar.

Sannan ya sunkuya, ya zare bututun daga wuyan hannun Malama, wadda ke kwance a kan gadon, ya danne wurin da babban yatsa har jinin ya tsaya.